Neman kalmar Hausa: me za mu kira "stereotype"?

Assalamu alaikum. Masu fassara, malaman Hausa, 'yan jarida da masu sharhin finafinai, ga wata kalma da ya kamata mu sama wa matsuguni a harshenmu: stereotype. Duk wanda ya zauna rubuta sharhi da Hausa kan finafinan yaƙi na Hollywood sai ya yi kiciɓis da ita, kuma kowa ta inda ya ga dama yake kewaye ta. Wani ya ce "gurguwar fahimta", wani ya ce "wariyar launin fata", wani ya bar ta da Turancinta ya wuce. Tun da na jefa tambayar shawarwari suke ta shigowa, na gode ƙwarai. Zan bi su a wannan zaren, in faɗi wadda na tsaya a kai da dalilina.

Bari mu fara ganin abin da ake nema wa sunan. Ranar 3 ga Oktoba 1993 sojojin Amurka suka kai samame tsakiyar Mogadishu don kama wasu muƙarraban Janar Mohamed Farah Aidid, ɗaya daga cikin madugan yaƙin basasar Somaliya. Aka harbo jiragensu masu saukar ungulu guda biyu, aka kwana ana ba-ta-kashi. Sojojin Amurka 18 suka mutu, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa, har da mata da yara. A 2001 aka mayar da labarin fim, Black Hawk Down. Wanda ya kalla ya san yadda aka raba aikin. Kowane sojan Amurka da sunansa da fuskarsa, wani yana neman matarsa a waya kafin ya fita, wani yana zolayar abokinsa, idan harsashi ya same shi kyamara takan tsaya a kansa har ya cika. Somaliyawa kuwa dandazo ne kawai yake ɓullowa daga lunguna, suna ihu, suna zubewa, wasu suna maye gurbinsu. A ƙarshen fim an jero sunayen Amurkawan da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, Somaliyawa kuma aka dunƙule su a jimla guda, cewa sama da 1000 sun mutu. A Maroko aka ɗauki fim ɗin, kuma Somaliyawa da kansu sun koka cewa waɗanda aka sa su fito a matsayinsu ba su yi kama da su ba, harshen da suke yi ma ba nasu ba ne. Masu fim ɗin ba su damu ba, domin ba mutanen Mogadishu suke nema ba. Siffar baƙin mutum mai bindiga suke nema, wadda suka san tana nan zaune a kan mai kallo tun kafin a kashe fitila.

To wannan siffar, wadda aka riga aka ƙera ta ana ta maimaita ta a kan al'umma guda, ita ce ba ta da suna a wurinmu.

"Wariyar launin fata" ba ita ba ce. Wariya ita ce uwa, wannan 'yarta ce, kuma idan muka kira su da suna ɗaya mun rasa yadda za mu ce ɗaya tana ciyar da ɗaya. "Gurguwar fahimta" ta yi faɗi da yawa, ɗalibin da bai gane darasin lissafi ba ma ita yake fama da ita. Wani ƙanena ya kawo "shafa kashin kaji". Ƙanena, ka kusa, amma kashin kaji sharri ne takamaimai da ake laƙaba wa mutum kan abin da bai aikata ba. Abin da muke magana a kai ba ya buƙatar wani laifi na musamman, da ganin rawani ko launin fata an gama yanke hukunci.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce "kuɗin goro", kuma wani dattijon malaminmu ya tsaya mata tsayin daka, ya ce Bahaushe ya riga ya gama maganar tun kaka da kakanni, ba sai an ƙirƙiro komai ba. Allah ya gafarta Malam, na yarda kuɗin goro ya ɗauki rabin kayan, kuma ba na so a ture shi. Idan aka ce "an yi wa Fulani kuɗin goro" kowa ya gane ba tare da bayani ba. Sai dai a ba ni dama in nuna inda yake tsayawa. Kuɗin goro aiki ne da ake yi bayan wani abu ya faru: mutum ɗaya ya yi laifi, aka haɗa da danginsa duka. Kusan kullum zargi ne. Kuma ba ya nuna akwai wani hoto tsayayye da ake ɗauko shi daga ajiya.

Ga misalin da ya sa na ce haka. A 1988, lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyet suke cikin Afghanistan, Amurka kuma tana mara wa mujahidai baya, aka fitar da Rambo III. A ciki mutanen Afghanistan jarumai ne masu doki da rawani, ba sa tsoron mutuwa, ba sa cin amanar baƙo, har an sadaukar da fim ɗin gare su a rubuce a ƙarshe. Rashawa su ne mugaye marasa imani. Wannan yabo ne, ba wanda zai ce an yi wa Afghanawa kuɗin goro. Amma ku duba da kyau: babu likita a cikinsu mai ra'ayin kansa, babu matsoraci, babu wanda yaƙin ya ishe shi, dukansu mutum ɗaya ne aka yi ta maimaitawa. Bayan 2001 sai ga rawanin nan da gemun nan da duwatsun nan sun dawo allo a matsayin alamar ɗan ta'adda. Mutanen ba su canza ba. Abokin gaban Amurka ne ya canza.

Haka aka yi da mutanen gabashin Asiya. A Disamba 1941, bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, mujallar Life ta buga hotunan fuskoki tana koya wa masu karatu yadda za su bambance ɗan Japan, abokin gaba, da ɗan Sin, aboki. Finafinai da zane-zanen barkwanci na lokacin suka cika da ɗan Japan mai manyan haƙora da tabarau da ha'inci, a daidai lokacin da gwamnatin Amurka ta kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan ta tsare a sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasa ne haifaffun can. Shekara goma ba ta cika ba aka shiga yaƙin Koriya, ɗan Sin ya koma abokin gaba, Japan ta zama ƙawa. Saboda haka kalmar da muke nema dole ta nuna abu uku: wani ne ya ƙera siffar, ana fitar da ita iri ɗaya sau ba adadi, kuma ana iya narka ta a sake wata idan yaƙi ya juya.

Asalin kalmar Turancin ma can ya dosa. Daga maɗaba'a ta fito, a Faransa, a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ana danganta ta ga maɗabi Firmin Didot. Idan an jera haruffan shafi guda, sai a ɗauki siffarsu a zuba narkakken ƙarfe, a sami faranti guda da za a yi ta buga shafin da shi ba tare da an sake jera komai ba. Ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ne ya ɗauko ta a 1922 ya ɗora ta a kan hotunan da mutane suke ɗauke da su a kai game da waɗanda ba su taɓa gani ba.

Mu ma muna da wannan sana'ar, kuma muna da kalmarta. Ku je wurin masu ƙera tukwanen dalma ku tsaya. Maƙeri yakan ɗauki tukunya guda ya danna ta cikin damshin ƙasa a akwatin katako, ya daddale, ya cire ta a hankali, gurbinta ya zauna. Sai ya narka duk abin da ya samu, gwangwanin lemo, tsohuwar tukunya, ɓallin inji, ya tsiyaya ta wata 'yar kafa. Kowane tarkace da tarihinsa da inda ya fito, amma idan aka fasa ƙasar tukunya iri ɗaya ce take fitowa. Wannan aikin sunansa zubi. Kuma mun riga mun saba cewa "zubinsu ɗaya" ga mutanen da suka yi kama.

Don haka shawarata ita ce zubi-ɗaya.

Ku gwada ta a baki. "Fim ɗin ya yi wa Somaliyawa zubi-ɗaya." "Balaraben Hollywood zubi-ɗaya ne: ko attajirin mai, ko mai ɗaure da bam." Wannan jimla ta biyu ba ƙari a cikinta, Jack Shaheen, Ba'amurke ɗan asalin Lebanon, ya bi finafinai sama da 900 ya fitar da littafi a kai a 2001, kuma 'yan ƙalilan ne ya samu da suka nuna Balarabe a matsayin mutum kamar kowa. Idan ana nufin na launin fata sai a ce "zubi-ɗaya na launin fata", na ƙabila "zubi-ɗaya na ƙabila", na mata "zubi-ɗaya na jinsi". Tana ɗaukar zagi, tana ɗaukar yabo. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne duk wanda ya ji "zubi" zai tambaya wane ne maƙerin. Tambayar tana da amsa a finafinan yaƙi: ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishin hulɗa da masu shirya finafinai, tana ba da aron jirage da sojoji ga fim ɗin da ta duba labarinsa ta amince, kuma jiragen da aka gani a Black Hawk Down nata ne.

Wata Hajiya ta yi gyara mai ma'ana, ta ce a wurin mata zubi na adashe ne, ɗaliban adabi kuma "zubi da tsari" za su tuna. Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa ban ce "zubi" kaɗai ba. Da zarar an haɗa da "ɗaya" aka kuma ce an yi wa wasu mutane shi, ba mai tunanin adashe. Kalma ɗaya mai ma'ana uku ba baƙon abu ba ne a Hausa, jimla ce take raba gardama.

Yayana da ya kawo "tambari", ita ce ta fi ba ni wahalar ajiyewa, domin ita ma bugawa ake yi ana maimaitawa. Abin da ya hana ni, Yaya, shi ne tambari a saman abu ake buga shi, abin yana nan da siffarsa a ƙasa. A finafinan nan kuwa ba a bar wa mutumin komai nasa ba, an narka shi ne gaba ɗaya. Sannan a yau tambari ya tafi wajen alamar kamfani da ta jam'iyya. Ina ganin mu adana ta don wata kalmar, wadda take nufin tabon da ake liƙa wa mai wata cuta ko wanda ya fito daga gidan yari.

Kada wani ya ɗauka maganar ta mutanen nesa ce kawai. A 2003 Hollywood ta yi Tears of the Sun, labarin wani ƙagaggen yaƙin basasa a Najeriya, inda aka nuna 'yan tawaye Fulani Musulmi suna yi wa Kiristocin Ibo yankan rago har sai da sojojin Amurka suka zo ceto. A Hawaii aka ɗauke shi. An kalle shi a gidajen kallo na garuruwanmu, matasa suna tafa wa jarumi suna jiran a kashe bos, alhali bos ɗin da sunanmu aka kira shi. Wanda yake Ohio ko Osaka, bai taɓa ganin Bafulatani ba, wannan ne Bafulataninsa. Abin yana ci mini rai, kuma ina ganin da muna da kalma a baki da yaro zai iya cewa "wannan ai zubi-ɗaya ne" tun fim bai yi nisa ba, da tafin ya ragu.

Kalmar za ta yi mana aiki a gida ma. Bahaushen finafinan kudu kusan kullum maigadi ne mai gurɓataccen Turanci. Mu kuma a namu finafinan mun san yadda ake fito da Bafulatanin daji da Bagware da ɗan kasuwar Ibo don a yi dariya. Idan za mu kira na Hollywood da sunansa, namu ma sunansa ke nan.

Ga yadda nake ganin a raba aikin tsakanin kalmomin biyu, Malam, don kada a yi asarar ko ɗaya. Idan ana maganar hukuncin da aka yanke wa jama'a saboda laifin wasunsu, kuɗin goro ne: "bayan harin 11 ga Satumba an yi wa Musulmin Amurka kuɗin goro." Idan ana maganar siffar da aka ƙera ana maimaitawa a fim ko labarai ko littafin makaranta, zubi-ɗaya ne: "finafinan bayan 2001 sun ƙarfafa zubi-ɗayan da aka daɗe ana yi wa Musulmi." Sau da yawa na biyun ne yake share wa na farkon hanya.

Saura rubutu da jam'i. Ina ba da shawarar a sa karan ɗori idan suna ce, zubi-ɗaya, don a bambanta ta da "zubi ɗaya" na lissafi, kamar a ce an yi zubi ɗaya a adashe. Wajen nasaba a ce "zubi-ɗayan Larabawa a Hollywood". Jam'i kuwa kada mu tilasta mata, "zube-zube" ya riga ya tafi wani wajen. "Ire-iren zubi-ɗaya" ya wadatar. Masu fassarar labarai a rediyo, ku ne za ku fi saurin gane ko tana zama a kunne, ku gwada ta a jimlolinku ku dawo mana da inda ta ƙi shiga.