Sandar sofbol ta yi wa 'yata nauyi, wacce zan saya?

Assalamu alaikum. A Amurka muke zaune. 'Yata mai shekara 11 tana wasan sofbol (wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda) na 'yan mata, irin na jifa da ƙarfi, kuma bana aka ɗaga ta zuwa rukunin 'yan shekara 12 zuwa ƙasa. Ƙwallo ta koma inci 12 maimakon 11, tazarar mai jifa da mai bugu kuma ƙafa 40 maimakon 35.

Tsohuwar sandarta inci 29 ce a tsawo, oza 17 a nauyi. Tana juya ta ba wahala, amma sabuwar ƙwallon ko ta same ta daidai ba ta yin nisa. Sai na sayo mata mai inci 31, oza 21, wai don ta daɗe tana amfani da ita. Ashe kuɗi na zubar. Kan sandar yana sunkuyawa kafin ƙwallo ta iso, bugun yana makara, kusan kullum sai ta fita ta gefen dama. Bayan bugu goma sha biyar ta fara yarfe hannu.

Mun gwada sabuwar sandar a gida: da aka ɗora gindin sandar a tsakiyar ƙirjin yarinyar, da ƙyar yatsu suka kai ƙarshe. Ta miƙa hannu da ita, ko daƙiƙa 20 ba ta yi ba. Kocinsu ya ce ta matsar da riƙo sama, ya ɗan taimaka, amma ƙwallon da ta biyo ta nesa da jiki tana wuce ta.

Tsayin 'yata ƙafa 4 da inci 9. Tsakanin mai inci 30, oza 19, da mai inci 31, oza 20, wacce ta fi dacewa da ita? Na gode.