Daga Ƙofar Mata Zuwa Dala: Musayar Baitoci

Ɗan Yakasai:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina gayyatarku mu yi tattaki da baitoci a cikin birnin Kano, daga Ƙofar Mata zuwa kan Dala, tafiyar da mai lafiya zai kammala tsakanin hantsi da azahar ko da yana tsayawa kallo. Waƙar ƙwar biyu ce, amsa-amonta "wa", kuma kowa zai ɗauka daga inda na gabansa ya ajiye.

Da sunan Rabbana na ɗau alƙalami,
Shi ne ya ba mu ƙafafun takawa.

Tsira da aminci ga Manzo Ɗan Amina,
Da alayensa da sahabbai masu biyawa.

Na tsaya Ƙofar Mata gabas da gari,
Na jingina bayana a jikin ganuwa.

Marina na nan kusa, ga ramukanta,
Baba da toka da kanwa ake haɗawa.

Kore zane yake fita daga ramin,
Ya koma shuɗi in iska na busawa.

Jikar Marina:
Wa alaikumus salam, Yaya. Kafin a ɗaga ƙafa ina roƙon a ɗan ƙara tsayuwa a marinar, domin wurin da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa ya fi ƙarfin baiti biyu, kuma akwai masu aikin da mai wucewa ba ya gani.

Yaya, dakata, ka bar saurin tafiya,
Akwai hannuwan da ba a ambatawa.

Mata a cikin gida su ke ɗaure zanen,
Da zare da allura suke ƙuƙƙullawa.

In an rina shi a warware ƙullin,
Nan ne adon yake fara fitowa.

Mabuga su ɗora shi a kan gungume,
Su yi ta bugu har sai yana walƙawa.

Buzayen Azbin sun san turkuɗinmu,
Da raƙuma suka riƙa zuwa sarawa.

Yau ramuka da yawa sun bushe,
Ƙasa da shara ne ke binnewa.

Atamfar kanti ta karya farashi,
Dattawa na nan, wa za su koya wa?

Almajirin Madabo:
Madalla da Malama, Allah ya ƙara basira. Ni zan miƙe yamma daga ƙofar zuwa tsakiyar birni, inda masallaci da fada da Gidan Makama suke kusa da juna. Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda sunan sarki guda, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yake bin mai tafiya daga wannan gini zuwa wancan, har kasuwar da za mu shiga nan gaba. Ginin masallacin da muke gani yau kuwa na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne.

Na miƙe yamma, na hango hasumiya,
Ga koriyar ƙubba tana bayyanawa.

Ran Juma'a fili ba ya isar jama'a,
Sahu har kan titi yake kaiwa.

Gidan Rumfa ga shi, katanga doguwa,
Dogarai a ƙofa suna tsarewa.

Zamaninsa Magili ya sauka a birni,
Ya rubuta wa Sarki hanyar shugabantarwa.

Ƙofar Kudu nan ake jafi da Sallah,
Dawakin Hawan Daushe na sukuwa.

Ka tsallaka ka shiga Gidan Makama,
Ka ɗaga kai ka ga azara da ginawa.

Bakan gizo na ƙasa ya riƙe rufin,
Babu ƙarfe ciki, ba ya sunkuyawa.

Ƙyamaren tsofaffin ƙofofi na ajiye,
Sun ga shigar Turawa da wucewa.

Magili da na ambata shi ne malamin nan Shehu Muhammadu al-Maghili. Baitin ƙarshe kuwa yana nuni ne ga shekarar 1903, lokacin da sojojin Ingila suka ci birnin.

Baba na Ƙofar Wambai:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, waƙa ta yi daɗi, amma ba zan bari ku kai kasuwa ba sai na mai da ku baya. Ɗana na Yakasai ya ce ya jingina da ganuwa, ni kuwa ina tambayarsa wace ganuwar, domin katangar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wadda a da ake fita gayya a yaɓe ta, yanzu a wurare da yawa sai dai a nuna wa yaro inda take a da. Masu ɗibar ƙasar gini sun ci rabonsu, damina ta ci nata, masu yanka filaye suka ƙarasa, kuma ko Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi kafin a sake gina ta. Ga tahamisin baitinsa, wato ƙarin layuka uku a kan nasa biyu:

Gijimasu ya faro ta da kyawun tsari,
Rumfa ya ƙara faɗinta bisa shiri,
Yau shaguna ne a gurbinta jeri-jeri,
"Na tsaya Ƙofar Mata gabas da gari,
Na jingina bayana a jikin ganuwa."

Ƙofa a tsaye, babu katanga gefenta,
Me take rufewa, me take tsarewa?

Siminti da fenti an shafa a fuska,
Tubalin kakanni ruwa na kwashewa.

Ba maƙiyi ne ya zo ya fasa ta ba,
Mu ne da kwandonmu muke ɗebewa.

Ɗan Yakasai:
Allah ya ja kwana, Baba, tahamisinka ya ɗaukaka baitina.

Guntun da ya saura shi na jingina,
Na ambace shi don a san da kulawa.

Ɗan Kurmi:
Na gaishe da Baba, kuma maganarsa ta kama ni, domin rumfar da nake zama a cikinta ma gado ce. Daga fada zan bi lungu in shiga Kurmi, kasuwar da ayarin Sahara da fataken Gwanja suka riƙa haɗuwa a cikinta a da. Jar fatar da aka jeme a ƙasar nan ta ratsa hamada har ta kai Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Na sa baiti guda a kan cinikin bayi, domin an yi shi a nan, kuma waƙar da ta tsallake shi ba ta faɗi tarihin kasuwar duka ba.

Lungun Kurmi mutum biyu sai da dabara,
Mai kaya a ka yana neman wucewa.

Dukawa na zaune da jar fata a cinya,
Jaka da kube da titimi suke ɗinkawa.

Gaba kaɗan ga masu littattafai,
Allo da tawada, almajirai na tayawa.

Ƙanshin turare ya haɗu da na kimba,
Kafin ka ga rumfar hanci ke sanarwa.

Goro daga Gwanja, gishiri daga Bilma,
Nan aka sauke, nan aka yi rabawa.

A nan kuma an sai da ɗa da uwarsa,
Kowa da mai saye, aka yi rabuwa.

Jakara na gefe, ruwanta ya yi baƙi,
Leda da dagwalo take ɗaukowa.

Jikar Marina:
Baitin ɗa da uwa ya yi mini nauyi, Malam, kuma na gode da ba ka ɓoye shi ba. Da izinin Yaya zan ɗauki hawan Dala, dutsen da aka zauna a gindinsa ana narka tama tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, a 999.

Daga Kurmi Dala ba ta da nisa,
Matakala ce ke gwada mai hawa.

A nan Barbushe ya tara mutanensa,
Tsumburbura suke zuwa bautawa.

Sau ɗaya a shekara yake shiga wurinta,
Ya fito da labarin abin da ke zuwa.

Wangarawa suka zo a zamanin Yaji,
Kiran salla ya gaji wancan taruwa.

Daga sama ga Goron Dutse a yamma,
Kwanon rufi ko'ina yana yaɗuwa.

Na nemi zoben katangar da Baba ya ce,
Nan ta fito, can ta yi ɓacewa.

Baba na Ƙofar Wambai:
'Yata, kin ga da idonki abin da nake faɗa. Tunda kun kai Dala, ina so zagaye na gaba ya bi ganuwar kanta ƙofa bayan ƙofa, kowa ya ɗauki ƙofar da ta fi kusa da unguwarsu ya faɗi abin da ya saura a tsaye a wurin da abin da aka gina a kansa. Amsa-amon ya koma "ri", kuma ni zan fara da tawa, wanda yake kusa da Ƙofar Mazugal ya shirya.

Ƙofar Wambai na fito da sandata,
'Yan gwanjo da 'yan robobi sun cika wuri.

Na tambayi yaro ina katangar take,
Ya ce, "Baba, wace katanga ce a gari?"