Abin da masu gyara suka ce kan injin CNC mai tsayawa ba dalili

Matsalar da masu gyaran suka tattauna ita ce injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, yana cikin yanka sai ya tsaya cak, ko ya kauce layi, a ƙarshe katin sarrafawa ya ƙone. Yawancin masu gyaran sun ɗora laifin a kan inbata, wato na'urar da ke ba motar yanka wuta tana daidaita gudunta, don ita ce uwar hayaniyar lantarki mai rikita sigina.

Gwajin da aka fi yarda da shi ba ya cin ko sisi: a kashe motar yankan, a bar injin ya bi aikinsa a iska. In bai yi gardama ba, alama ce hayaniyar ce matsalar, don haka kada a taɓa katin tukuna, a koma kan wayoyi. A raba wayar sigina da ta wuta, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera a kwata ɗaya. A sa waya mai rigar ƙarfe tsakanin inbata da mota, a tara duk wayoyin ƙasa (earth) a ƙusa guda cikin akwatin sarrafawa. Wasu sun ƙara da zoben ferait mai rage hayaniya a wayar USB, wasu kuma suka ce makunnan iyaka, wato masu tsayar da injin in ya kai ƙarshen hanyarsa, masu bolt 24 sun fi na bolt 5 jure hayaniyar.

Inda aka yi saɓani shi ne haɗa rigar wayar da ƙasa: gefe ɗaya ko biyu? Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa ta inbata biyu, ta sigina ɗaya.

Kafin a sa sabon kati, a auna wutar da ke shigarsa da mita, a duba tsohon katin ko akwai kafasita mai kumburi ko garin ƙarfen da ya kwanta a kai. Kuma kada a zare wayar motar da ke tafiyar da injin wuta na kunne, don direbanta, wato na'urar da ke sarrafa ta, na iya ƙonewa nan take.