Jama'a me za mu kira wannan ƙarfen huda bango da Hausa?

Malamin Fasaha: Salam 'yan uwa, a taimaka min. Gobe da safe ina da darasi da yara kan kayan aikin gini na da, kuma da Hausa nake so in yi shi. Akwai ƙarfen da Bature ke ce wa "star drill", dogo ne kamar kurfi amma bakinsa kaifi huɗu ne a gicciye, ka ɗora a jikin kankare ka buga da guduma ka ɗan juya shi ka sake bugawa, kana hure garin da ke fita, har rami ya yi zurfi. Na zaga Ƙofar Ruwa jiya ban samu ba, kowa sai ya miƙo min bakin diril na lantarki.

Birkila: Mu dai a wajen aiki cizil muke cewa, duk ƙarfen da ake duka da guduma cizil ne. Ka je wurin maƙera su ƙera maka, amma kar ka yarda da rodi, bugu goma bakin ya lanƙwashe, su nemi tsohon ƙarfen mota su yi masa ruwa.

Mai Fassara: Mahuji. Muna da shi tuntuni, sai a ƙara bango, mahujin bango.

Ɗan Zazzau: Mahudi dai ko? tunda huda ne

Mai Fassara: A'a, huda huji ne, kamar gudu da guje. Mahuji.

Sarkin Nahawu: Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Mahuji na dukawa ne, fata ake hudawa da shi, cizil kuma ba Hausa ba ce, kullum aro sai ka ce ba mu da harshe. Ni tauraron dutse na raɗa masa kuma na daɗe ina amfani da shi.

Birkila: Malam ka shiga kasuwa ka ce a ba ka tauraron dutse mu ga abin da za a miƙo maka. Kuma siminti da bulo da kake zaune a ciki Hausar wane gari ce?

Sarkin Nahawu: Irin wannan raini ne ya hana mu ci gaba. Balarabe na ƙirƙirar nasa ba wanda ya yi dariya.

Na Maraɗi: Faransawa "tamponnoir" suke ce masa, su ba ruwansu da tauraro, to don me mu za mu bi Ingilishi sawu da ƙafa? Ai tauraron naka ma aro ne malam, riga kawai ka canza masa.

Ɗan Zazzau: To mafashin bango fa, tunda fasawa yake

Mai Fassara: Haba! Ka ce wa yara a kawo mafashi aji, iyaye su zo da 'yan sanda.

Sarkin Nahawu: Ku yi ta wasa. In dole sai mahujin, a ce mahujin kankare, don bangon ƙasa ko da ƙusa ka huda shi. Amma ni a rubutuna tauraron dutse zan ci gaba da sawa.

Malamin Fasaha: Na gode, dare ya yi. Mahujin kankare zan rubuta a allo in zana bakin su gani. Birkila turo min kwatancen maƙerin nan ta inbos, in zai gama kafin ƙarfe 8.