An mayar da ni Abuja: Suleja ko Keffi, ina zan sauke iyali?

Abban Yusra:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka zauna a yankin Abuja, ba waɗanda suka ratsa kawai ba. An yi mini canjin wurin aiki daga Katsina zuwa hedikwata, ofishinmu yana sakatariyar tarayya, kuma farkon wata mai kamawa zan kama aiki. Ina da mata da yara uku. Babbar tana aji biyu a ƙaramar sakandare, mai bi mata tana firamare kuma tana da sikila, sai autan da ba a daɗe da yaye shi ba.

Cikin gari kam na cire rai. Na sa an tambayo mini hayar ɗaki biyu da falo a Garki da Wuse, da aka faɗa mini sai na yi dariya kawai. Abokin aikina ya ce Keffi, wai gida da arha ga babban asibiti. Ƙanin maiɗakina ya ce Suleja. Wani kuma ya ce in ajiye su a Kaduna, in riƙa bin jirgin ƙasa duk Juma'a.

Abin da na fi damuwa da shi yarinyar nan ce. Ciwonta ba ya sallama, yawanci cikin dare yake tashi. Sannan maiɗakina tela ce, a cikin gida take ɗinki, Turancinta kuma ba nisa, ba na so in kai ta inda za ta yini ba mai ce mata ina kwana. Ga Hajiyarmu a Katsina, ƙarfi ya ƙare, dole in riƙa leƙa ta. Don Allah wanda ya san wuraren nan ya faɗa mini gaskiya, har da aibinsu.

Ɗan Kwamba:

Wa alaikumus salam. Allah ya sa canjin ya zama alheri, ya ba yarinya lafiya. Ni a Suleja nake, aiki kuma a Wuse, don haka ka san inda zan karkata.

Ta fuskar uwargida, babu kamar Suleja. Garin Hausawa ne tun asali, Zage-zagin da suka baro Zariya zamanin jihadi su suka kafa shi, shi ya sa har gobe Sarkin Zazzau ake ce wa sarkinmu. Hausa ake yi a kasuwa, a asibiti, a cikin Keke Napep. Islamiyya kuwa sai dai ka zaɓa, ta yara da yamma, ta matan aure da safe. Tela ba ta rasa aiki a nan, musamman azumi ya kawo jiki, kuma zare da shafi da duk kayan ɗinki akwai su a kasuwar IBB. Kayan miya ma sun fi na cikin Abuja sauƙi nesa ba kusa ba, har mutanen can suna zuwa sayayya.

Batun Hajiya kuma, daga nan kana kan hanyar gida. Ka hau titin Kaduna sai Zariya, sai Funtuwa, ba sai ka keta Abuja ba. Mutumin Keffi kafin ya iso Zuba kai ka yi nisa.

To ga aibin. Kullum za ka bi Madalla, Zuba, Dei-Dei, Kubwa, Gwarimpa kafin ka shiga gari. Daga Zuba titin yana da faɗi, mota tana gudu, amma tsakanin Suleja da Zuba ne ake shan wuya idan manyan motoci suka cushe. Mu dai ana sallame asuba muke fita. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 da yawanmu mun ajiye motocinmu, sai mu haɗu mu huɗu 'yan unguwa ɗaya mu yi karo-karon mai. Ka nemi irin wannan, ya fi maka tsayawa bakin titi kana shiga motar da ba ka sani ba, saboda 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota. Ruwan famfo kuma kada ka sa rai. Gidan da ba rijiya ko burtsatse, kuɗinka a hannun 'yan garuwa zai ƙare. Kuma ka nemi gida ta ɓangaren da ke fita Madalla, kada ka nutsa can ƙuryar gari, don fita daga cikin Suleja kanta aiki ne da safe.

Maman Sadik:

Malam, ni zan yi magana a madadin matarka, tunda ba ta nan.

Mun zauna a Mararraba, daga baya muka koma Keffi, maigidana yana aiki a Area 11. Keffi gari ne mai daɗin zama, ba zan ɓata shi ba. Akwai jami'ar jihar Nasarawa, akwai babban asibitin tarayya na FMC, akwai sarki da masarauta, Hausa ake yi, gida kuma kana samun mai tsakar gida da yara za su yi wasa. Amma daɗinsa na wanda aikinsa yake Keffi ne. A takarda kilomita 50 ne da 'yan kai zuwa Abuja. A ƙasa kuwa akwai Masaka, akwai Ado, akwai Mararraba, akwai Nyanya, sai ka haura Kugbo kafin mahadar AYA da ke bakin shiga cikin Abuja, kuma kowanne da nasa gosulon. Maigidana yana fita yara na barci, ya dawo sun yi barci. Sadik yana ƙarami, ranar Asabar in babansa ya miƙo hannu sai ya maƙale a bayana yana leƙensa. Abin dariya ne a lokacin, amma shi bai yi dariya ba.

Kuma kai lissafin dare kake yi. Ciwon ya tashi ƙarfe sha ɗaya na rana fa, kana sakatariya, ita tana gida da goyo? Wa zai fito da mota? A Katsina ka san amsa, akwai 'yan'uwa ko'ina. To duk garin da za ka zaɓa, ka fara nemo wannan mutumin kafin ka nemo gida. Idan ƙanin nata a Suleja yake zaune da iyalinsa, ni a wurina magana ta ƙare.

Kada ka biya kuɗin haya sai ta zo ta gani da idonta. Ku namiji falo kuke dubawa da wurin ajiye mota. Ita za ta duba inda ake shanya, ko hayaƙin kicin yana fita, ko taga tana kallon ta maƙwabta, sannan ta shiga gida biyu uku ta gaisa da matan layin. A gaisuwar nan za ta ji abin da dillali ba zai taɓa faɗa maka ba.

Tsohon Ma'aikaci:

Yaro, kada ka kwashe su yanzu. Ana tsakiyar zango na biyu. Ka zo kai kaɗai, ka raɓa da wani ko ka kama ɗaki ɗaya, ka bar yara su ƙarasa shekarar karatu. Hutun ƙarshen shekara yana faɗowa cikin damina, lokacin da ya kamata a duba gida ke nan. Ka je bayan an ɗauke ruwan sama, ka dubi silin, ka dubi gindin katanga ko akwai shatin ruwa, ka ga ko mota tana shiga layin. Ka tambayi mita, mai kati ce ko kuwa akwai tsohon bashin wuta da za ka gada. Bayan kuɗin shekara akwai la'adar dillali da kuɗin lauya da na ajiya, ka sa su a lissafi tun yanzu.

Kan yarinya: abin da kake buƙata asibitin da ke da likitocin jini da wurin ajiyar jini. Daga Suleja, asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada yana kusa, ta Zuba da Giri, ga babban asibitin Suleja don gaggawa. Ka karɓo takardar bayanin jinyarta daga likitanta na Katsina, ka kuma nemi a canza muku asibiti a inshorar lafiya tun kafin su iso, don canjin ba ya kama aiki nan take. Gwagwalada kanta wurin zama ce, sai dai zafinta, mai sikila kuwa ba ta son jiki ya bushe.

Shawarar Kaduna ban goyi baya ba. Jirgin yana aiki tun 2016, daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, yana tsayawa a Kubwa. Amma bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris 2022 sai da aka dakatar da shi har Disamba. Kuma ka raba su da dangin Katsina, ka raba su da kai, me aka yi ke nan? In dai rabuwa za a yi, gara su zauna kusa da Hajiya.

Sai abu biyu. Duk arhar gida, kada ka zama gidan ƙarshe a bakin daji ko gindin dutse, satar mutanen da aka yi a gefen Bwari farkon 2024 ta isa darasi. Kuma in ka fara jin daɗin wuri za a kawo maka tallar fili. A cikin yankin babban birnin tarayya takardar dagaci ba ta hana rusau.

Abban Yusra:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi shawarar zuwa ni kaɗai tukuna. Maman Sadik, ƙanin nata a Gauraka yake, nan gefen Suleja, da matarsa, kuma yana da mota, na karanta wa maiɗakina amsarki ta ce a gaishe ki. Don haka Suleja muka fi karkata. Ɗan Kwamba, tsakanin Gauraka da Kwamba ina ne ya fi samun wuta da rana? Keken nata na lantarki ne, in ba wuta sai mu nemi na ƙafa tun daga nan.