Sababbin jihohi: da me za su riƙe kansu?

Ɗan Nima, Accra:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana ta kiran a ƙara jihohi a Najeriya alhali suna da 36, mu kuma a Ghana mun ƙara yankuna shida bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disambar 2018, suka zama 16. Shin abu ɗaya ne, kuma da me sabuwar jiha za ta riƙe kanta?

Malamin makaranta, Aboabo:
Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne, domin Ghana ba tarayya ba ce. Yankin Oti ko na Savannah ba shi da zaɓaɓɓen gwamna ko majalisar dokoki, shugaban ƙasa ne yake naɗa masa minista. A Najeriya kuwa kowace jiha sai ta ɗauki nauyin gwamna da kwamishinoni da 'yan majalisa da alƙalai, kuma mafi yawansu sun dogara ne ga rabon da ake yi a Abuja duk wata, inda jihohin baki ɗaya suke samun kashi 26.72 cikin ɗari. Ƙarin jiha ba ya ƙara tuwon, hannuwa kawai yake ƙarawa a akushi. Ai mun ga yadda jihohi da dama suka kasa biyan albashi a 2015, sai da gwamnatin Buhari ta agaza musu.

Hajiya, Sabon Zango:
Malam, ban musa lissafinka ba, amma a tambayi mutumin Dutse ko na Gombe abin da garinsu ya zama bayan an cire Jigawa daga Kano a 1991, aka cire Gombe daga Bauchi a 1996. Kusantar gwamnati ma riba ce.

Tsohon ma'aikacin haraji, Kumasi:
Hajiya, gaskiyarki, sai dai akwai dalilin da ba a cika faɗa ba. Kashi 40 cikin ɗari na rabon jihohi daidai wa daida ake raba shi, ba tare da duba yawan jama'a ko harajin da jiha ta tara ba, saboda haka yankin da ya rabu biyu yakan ƙaru, sauran kuma su ragu. Wannan tsari ne yake ciyar da kiraye-kirayen, kuma shi ne yake sa gwamna sakaci da tara harajin gida. A lura kuma cewa ban da Yankin Tsakiyar Yamma na 1963, duk jihohin sojoji ne suka ƙirƙiro su, daga 12 na Gowon a 1967 zuwa 36 na Abacha, kuma babu wata buƙatar sabuwar jiha da ta tsallake sharuɗɗan ƙirƙirar jiha da ke sashe na 8 na tsarin mulkin 1999.