Baƙi za su zo mini daga Kano, ina zan kai su su ga sarautar Damagaram?

Ɗan Sabon Gari:
Salamu alaikum jama'a. Abokan kasuwancina ne za su zo daga Kano, su uku da matar ɗaya daga cikinsu, sun ce ban da harka suna son su ga fada da tsohon gari, wato Birni, a nan Zinder, kwana biyu kawai za su yi. Wanda ya taɓa zagayawa da baƙo don Allah ya faɗa mana yadda ya yi, ina aka fara, me ake bayarwa, me ba a yi.

Baba na Birni:
Wa alaikumus salam ɗana. Abu na farko kar ka kwashe su a mota ka sauke su ƙofar fada kamar masu zuwa tasha, ba haka ake ba. Ka nemi dattijo ɗan unguwa wanda dogarai suka san fuskarsa ya shige muku gaba. Ni da na kai surukaina da safe muka je, muka gaisa da dogarai a zaure, aka ce mu cire takalmi muka cire, aka haɗa mu da wani bawan Allah da ya zagaya da mu inda aka yarda baƙo ya shiga, don gidan fa ba kango ba ne, akwai iyali ciki kuma har yanzu Sarki na zaman fada ana kawo ƙara ana sasanta mutane. Ginin tun wajen 1850 yake, kuma in ka ji ana ta ambaton Tanimu to shi ne Sarkin da ya ɗaga Damagaram, ya ja ganuwa ya kewaye Birni, a zamaninsa har igwa ake ƙerawa a garin nan, ya rasu 1884. Goron dogarai kuwa babu ƙayyadadden kuɗi, abin da ya sawwaƙa, amma a bayar da hannu biyu.

Maman Nana:
Ni ta wajen matar zan yi magana tunda ku maza ba za ku tuna ba. Ta sa mayafi babba, kuma ta zo da takalmi mai sauƙin cirewa don za a cire a sa, a cire a sa har ta gaji. Ƙawata 'yar Maraɗi da muka je ita abin da ya fi burge ta ma ba fadar ba ce, lungunan Birni ne, gidajen ƙasa masu zane a fuska da zankwaye a sama, ga duwatsun nan manya manya da gidaje suka rakuɓe jikinsu, sai tsayawa take tana ɗaukar hoto. Wata tsohuwa na zaune bakin zaure tana tsinkar zogale ta ɗaga kai ta ce yarinya ba a sallama ne a garinku? Muka dawo muka durƙusa muka gaishe ta, kafin ka ce me ta sa an kawo mana ruwa a kwanon sha ta shigar da mu har tsakar gida ta nuna mana rufin ɗaurin guga na ɗakin mijinta marigayi. Don haka hoto sai an tambaya, musamman mata.

Kabu-kabu 07:
Baba ya faɗi gaskiya kan ɗan rakiya. Akwai yara da ke tare baƙi a hanya su ce su gid ne, wato masu zagayawa da baƙi, wani na ji da kunnena yana gaya ma baƙo wai Turawa ne suka gina fadar, ya karɓe jaka biyu ya yi gaba. Turawan da sai 1899 suka ci garin bayan yaƙin Tirmini!

Malamin lakwal:
To tunda Kanawa ne baƙin naka ai ka samu abin tsokana, ka tuna musu da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga da ya riƙa kai hari ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, ka ga yadda za su yi ta musu hhh. A zamaninsa ne aka kashe Kyaftin Kazamaju, sojan Faransa, a nan Zinder a 1898, abin da Faransawa suka fake da shi suka zo da yaƙi shekarar da ta biyo. Ni da nake kai 'yan makaranta na lura in ka jero musu shekaru barci suke, amma in ka tsaya da su gaban abin da ya rage na ganuwa ka ce su taɓa su ji kaurinta sai tambayoyi su ɓarke. Kuma kar ka tsaya Birni kaɗai, ka kai su Zango, nan ne ayarin Buzaye ke sauka da raƙuma da gishirin Bilma, attajiran da ke ciniki har Tarabulus nan suka zauna, irin su Malam Yaro. Baturen nan matafiyi Barth ma ya sauka garin nan ƙarshen 1852. Baƙi da yawa ba su san Zinder ce babban birnin Nijar ba kafin a mai da shi Yamai a 1926, in ka faɗa musu sai su riƙe baki.

Hajiya ta Zango:
Malam ka gama magana. Amma ni a ganina kwana biyu a ranakun banza asara ce, in da hali su daidaita zuwansu da Juma'a su ga fitowar Sarki zuwa masallaci, dogarai da jajayen kaya da kore, kakaki da algaita na tashi, ko kuma su haƙura sai Sallah su ga hawa da idonsu, dawaki sun sha ado, ga hawan ƙaho na mahauta wanda ni dai rufe ido nake in yaron ya faɗa kan bijimin. Wanda ya zo ran Talata da azahar bango kawai zai gani da rana.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai iyayena da 'yan uwa. Ɗaya daga cikinsu yana ta maganar Agadas ma, wai yana son ganin hasumiyar nan ta babban masallacinsu.

Direban Tanut:
Agadas a cikin kwana biyu? A'a yallaɓai, ka cire wannan. Tafiya ce ta fi kilomita 400 ta Tanut, kuma hanyar takan ci mota ta ci mutum, sannan sai an tambayi halin tsaro kafin a tashi. Wurin ya cancanci zuwa kam, hasumiyar ta ƙasa ce zalla mai tsawon mita 27, ga fadar Sarkin Abzin kusa da ita, Unesko ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, amma wannan tafiya ce ta daban. In suna son fita gari ka kai su Mirya, nan kusa ne, ran Lahadi kasuwarta ke ci.

Maman Nana:
Kuma ranar Alhamis ce babbar kasuwa a nan, matar ta je ta sayi kayan dukawa, jaka da takalmi da matashin fata, amma kai ka yi cinikin, suna jin Hausar Kano kuɗin zai tashi.